Kama Ɓera da Rai: Tausayi, Lafiya da Doka a Zangon Agege

Agege na ɗaya daga cikin tsofaffin mazaunan Hausawa a Jihar Legas. Fataucin goro da na shanu ne suka kawo su, jirgin ƙasa kuma ya ƙarfafa zamansu. An buɗe hanyar dogo daga Legas zuwa Ibadan a 1901, ta ratsa ta Agege, sannan ta isa Kano a 1911. Unguwar da fatake suka riƙa sauka ita ake kira Zango har yau. Ma'anar zango a Hausa kuwa ita ce wurin da ayari yake sauke kaya ya huta kafin ya ci gaba da tafiya.

Wanda ya zaga Agege a yau zai ga buhunan wake da masara da gero da gyaɗa waɗanda manyan motoci suke kawowa daga Arewa. Zai ga gidajen burodin nan da ya yi suna a duk faɗin Nijeriya, da babbar mayankar Oko-Oba, da masu tuwo da masu tsire a bakin titi. Ga gidajen haya masu ɗakuna a jere, ga magudanan ruwa da sukan cika su tumbatsa da damina. Duk inda abinci da ruwa da maɓoya suka haɗu haka, ɓera ma yakan samu zangonsa. Ya zama dole mutane su kare dukiyarsu da lafiyarsu daga gare shi. Abin da wannan darasi zai duba shi ne yadda za a yi hakan ba tare da an azabtar da dabba ba, ba tare da an karya doka ba, kuma ba tare da mai tarko ya jawo wa kansa cuta ba.

Wa muke nema mu kama?

A Kano ana cewa ɓera, jam'insa ɓeraye. A Sakkwato da Katsina da Jamhuriyar Nijar za ku ji ana cewa kusu. Yarabawa suna kiransa eku. Sai dai sunan nan guda ya rufe dabbobi iri-iri, halinsu kuma ba ɗaya ba ne. Akwai baƙin ɓera mai dogon wutsiya, gwanin hawa, wanda yake kwana a silin da saman katanga. Akwai ƙaton ɓeran kwata mai kauri, wanda yake haƙa rami a gefen magudanar ruwa, ya iya ninkaya kuma. Akwai ɗan mitsitsin ɓeran ɗaki da yake ɓuya a bayan akwati. Akwai kuma wani da masana suke kira Mastomys, wanda macensa take da nonuwa masu yawa ƙwarai, tana haihuwar 'ya'ya goma ko fiye a ciki ɗaya. Za mu dawo kansa, domin shi ne ya fi kowanne haɗari.

Cikin ɓera ba ya wuce kamar mako uku, 'ya'yan kuma sukan isa haihuwa cikin wata biyu zuwa uku. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro muddin yana raye, shi ya sa yake gaigayar katako da roba da wayar lantarki. Wayar da ya gaigaya tana iya tayar da gobara a kasuwa cikin dare.

Akwai wasu dabbobin da sukan faɗa tarkon ɓera alhali ba su ake nema ba. Jaba tana da dogon baki mai tsini da wari mai ƙarfi, mutane da yawa kuma suna ƙyamarta. Amma jaba ba ɓera ba ce. Kyankyaso da sauran ƙwari ne abincinta, ba ruwanta da buhun hatsi. Haka bushiya, ita ma ƙwari take ci da dare. Gafiya kuwa, wadda Yarabawa suke kira okete, babba ce, tana cusa abinci a kumatunta ta kai raminta. Daga wannan hali nata ne Hausawa suka samu karin maganar nan: “Gafiya, tsira da na bakinki.” Ga kuma kyanwar maƙwabci da 'yan tsakin kaza. Tarkon da ke kashewa ba ya tambayar sunan wanda ya shigo, guba ma haka. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake amfani da tarkon da ke kamawa da rai: yana ba mutum damar ya duba abin da ya kama kafin ya yanke shawara.

Abin da ɓera yake ɗauke da shi

Legas ta taɓa ɗanɗana kuɗarta a hannun ɓera. Daga 1924 zuwa 1931 wata annoba ta addabi birnin, ta kashe mutane masu yawa, musamman a unguwannin da ke da cunkoso a tsibirin Legas, irin su Oko-Awo. Ƙuma ne yake ɗaukar ƙwayar wannan cuta daga jikin ɓera ya kai wa mutum. Ƙuma wani ɗan ƙwaro ne mai tsalle da yake shan jini. Idan ɓera ya mutu jikinsa ya yi sanyi, sai ƙuman ya bar shi ya nemi wani jiki mai ɗumi. Saboda wannan annoba ne gwamnatin mulkin mallaka ta kafa hukumar tsara birnin Legas a 1928, aka rushe gidaje da dama. A wannan zamani jami'an tsabta suna shiga gida-gida suna bincike. Hausawa suna kiransu duba-gari, Yarabawa kuma wole-wole.

Cikin cututtukan da ɓera yake ɗauke da su, wadda ta fi damun Nijeriya a yanzu ita ce zazzaɓin Lassa. An fara gano ta a 1969 a garin Lassa, wanda ke cikin Jihar Borno ta yau, daga nan ta samu sunanta. Ɓeran nan Mastomys shi ne babban mai ɗauke da ƙwayar cutar. Shi ba ta sa shi ciwo, amma yana zubar da ita a fitsarinsa da kashinsa. Mutum yakan kamu idan ya ci abincin da ɓeran ya ɓata, ko ya shaƙi ƙurar da ta haɗu da busasshen kashinsa, ko ya taɓa jininsa wajen feɗewa. Daga nan cutar tana iya tsallakawa daga majiyyaci zuwa mai jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum 80 cikin 100 da suka kamu ba sa nuna wata alama mai tsanani. Sauran kuwa sukan sha wuya ƙwarai, wasu su mutu, wasu su warke amma su rasa jinsu. Cutar ta fi yawa da rani, kuma ta fi tsanani a jihohi irin su Ondo da Edo da Bauchi. Wannan ɓera ya fi son ƙauyuka da gefen gari, amma buhu da mota suna iya kai shi inda ƙafarsa ba za ta kai shi ba.

Ku riƙe wannan a zuciya, domin duk abin da za a faɗa nan gaba a kan tausayi yana tafiya ne tare da shi. Ɓeran da ke cikin keji yana da rai, yana cikin firgita, ɓera mai firgita kuwa yakan yi fitsari ya kai cizo.

Guba da gam

Hanyoyi biyu ne suka fi yawa a kasuwa, masu talla suna yawo da su a tasha da cikin cunkoson motoci. Ta farko ita ce gubar da ake kira shinkafar ɓera. Tana da araha, amma ba ta san ɓera ba, ba ta san yaro mai rarrafe ba. Kaza takan tsattsage ta, kyanwa takan ci ɓeran da ya ci ta, ita ma ta mutu. Ɓeran da ya ci guba kuma ba ya mutuwa a fili. Yakan ja jiki ya shige silin ko bayan buhuna ya ruɓe a can, mai shago ya yi ta neman inda wari yake fitowa. A sito da ake ajiye abincin mutane, zuba guba a buɗe ganganci ne. Irin wannan damuwa ce ta sa a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da maganin ƙwari na Sniper a kasuwannin da kowa yake shiga, bayan an yi ta asarar rayuka ta dalilinsa.

Ta biyu ita ce allon gam, wato kwali da aka shafe da danƙo. Ɓera ya taka ya manne. Daga nan sai ya yi ta fizge-fizge yana kuka, fatarsa tana saɓulewa, wani lokaci har ƙashinsa ya karye, ya kwana ya yini kafin ƙishirwa ko gajiya ta kashe shi. Mutane da yawa sukan jefa allon a bola da ɓeran a kai yana numfashi. A ganina babu tarkon da ya kai wannan mugunta. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi gaba ɗaya a 2023, Ingila kuma ta hana jama'a amfani da shi daga 2024, sai ƙwararrun da aka ba lasisi.

Yadda tarkon keji yake aiki

Kafin mu shiga bayani, ku lura da aikatau ɗin da Hausa take amfani da shi. Ba a cewa an “ajiye” tarko idan ana nufin an shirya shi don kamu. Ana cewa an ɗana tarko, kamar yadda ake ɗana kibiya a baka. Idan dabba ta shiga sai a ce tarko ya kama, ko dabbar ta kamu. Jam'in tarko shi ne tarkuna.

Tarkon keji akwati ne na waya mai ƙofa ɗaya. A can ƙuryarsa akwai ƙugiya ko ɗan faranti da ake sa abinci. Wata siririyar waya ta haɗa wannan ƙugiya da ƙofar. Da zarar ɓera ya ja abincin, sai wayar ta kuɓuce, ƙofar ta faɗo ta rufe. Maƙera da masu walda suna iya ƙera shi, ana kuma samunsa a kasuwa. Masu binciken cututtuka suna amfani da wani iri na gwangwani mai naɗewa, wanda wani Ba'amurke mai suna Sherman ya ƙirƙira a shekarun 1920. Da irinsa ake kama ɓeraye da rai a ƙauyukan Afirka ta Yamma don a gwada ko suna ɗauke da ƙwayar Lassa. Wajen sayen keji a duba abu biyu. Kada ramukan wayar su yi faɗin da ɓera zai cusa kansa ya maƙale, kada kuma a samu tsinin waya a ciki da zai yanke shi.

Wurin da aka ɗana tarko ya fi abincin da aka sa a ciki muhimmanci. Idon ɓera ba shi da ƙarfi, saboda haka yakan bi jikin bango yana shafa shi da gashin bakinsa, kuma hanya ɗaya yake bi kullum. Mai lura zai ga baƙin maiƙo a jikin bango, da kashi, da ɓurɓushin abin da aka gaigaya. A nan za a ajiye keji, a manne da bango, ƙofarsa tana fuskantar hanyar. Wanda ya ajiye shi a tsakiyar ɗaki zai daɗe yana jira.

Sai kuma haƙuri. Babban ɓera yana tsoron duk wani sabon abu da ya gani a hanyarsa, yana iya kauce masa har kwana uku ko fiye. Dabarar ita ce a ɗaure ƙofar kejin a buɗe, a riƙa sa abinci ba tare da an ɗana ba. Idan an ga an cinye abincin dare biyu ko uku a jere, to ɓeraye sun saki jiki, sai a ɗana. Ƙuli-ƙuli da busasshen kifi da soyayyar gyaɗa duk suna aiki, saboda suna da ƙamshi kuma suna kama ƙugiya da kyau. Amma babu ɓeran da zai shiga keji saboda ƙuli ɗaya alhali ga buhun gyaɗa a buɗe kusa da shi.

Yanzu mun zo inda masu tarko da yawa suke kuskure. Sunan tarkon “mai kamawa da rai” ba ya nufin dabbar za ta rayu ko yaya aka bar ta. Ƙananan dabbobi ba sa jure ƙishirwa da zafi. Kejin ƙarfe da aka bari a rana, ko ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana, yana iya kashe abin da ke ciki cikin 'yan awoyi. Wanda aka ajiye a gefen kwata kuma, ruwan sama na dare ɗaya ya isa ya nutsar da shi. Don haka a ɗana da magariba, a duba da asuba kafin rana ta ɗaga. Idan za a bar shi a ɗane da rana, to a sake dubawa kafin yamma. A ajiye shi a inuwa, a rufa masa tsohon buhu, domin duhu yana kwantar wa dabba da hankali. A sa ɗan yankin kankana ko wani abu mai ruwa a ciki. Ranar da mai shago zai yi tafiya, ko zai rufe shago kwana biyu saboda salla, sai ya kwance tarkon tun kafin ya tafi. Kejin da ba a dubawa ya fi tarkon ƙarfe mai datsewa azaba, tun da shi wannan, idan mai ƙarfi ne, nan take yake gama aiki.

Addini da doka

Mafi yawan mazauna Zango Musulmi ne, kuma wannan batu ba baƙo ba ne a karatunsu. Malamai suna karantar da cewa an halatta kashe ɓera saboda ɓarnarsa. Suna kuma kawo labarin wata mata da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. An yi umurni da kyautatawa ko a wajen kisa da yanka, an kuma hana azabtarwa da wuta. Kiristoci da masu bin addinin gargajiya su ma ba su yarda da wulaƙanta halitta ba. Ke nan izinin kawar da mai ɓarna daban ne, izinin gana masa azaba kuma babu shi.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. Sashe na 495 na kundin dokokin manyan laifuffuka na tarayya ya haramta zaluntar dabbobi, ya tanadi ɗaurin wata shida, ko tarar naira hamsin, ko duka biyun. Naira hamsin a yau ba za ta sayi burodin Agege ko ɗaya ba, abin da ke nuna yadda dokar ta tsufa, amma wata shida a gidan yari har gobe wata shida ne. Abin lura shi ne dokar ba ta tsaya ga dabbobin gida kaɗai ba, ta haɗa da dabbar da ke tsare a hannun mutum. Ɓeran da yake yawo a kwata ba na kowa ba ne, amma daga lokacin da ƙofar keji ta rufe a kansa, ya shiga hannun wanda ya ɗana. A jihohin Arewa, sashe na 207 na kundin Final Kod ne ya hana irin wannan zalunci. Jihar Legas kuma tana da nata kundin tun 2011, shi ma bai bar wannan laifi ba.

Akwai wata doka dabam da ta shafi namun daji. A 1985 Nijeriya ta kafa dokar kare dabbobin da suke fuskantar ƙarewa, aka yi mata gyara a 2016 aka ƙara yawan tara. Ɗankunya da kada suna cikin dabbobin da ta kare. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana cikin masu sa ido a kan wannan. Mutum ba zai ce tun da dabba ta shigo gidansa ta zama tasa, ya kai ta kasuwa ya sayar ba. Legas tana ta faɗaɗa cikin dazuzzuka da fadamun da ke kewaye da ita, shi ya sa ake ganin mesa ko guza ko biri a unguwannin da ba a saba ganinsu ba. Idan haka ta faru, a nisanta yara, a rufe ƙofa, a sanar da jami'an kula da dabbobi na ma'aikatar gona ta jiha, ko ƙungiyoyin kare namun daji irin su gidauniyar NCF, wadda take kula da gandun Lekki tun 1990. Maciji dai ba abin da ɗalibi zai gwada kamawa ba ne, da keji ko ba keji.

Kyanwa da kare da kaza kuwa yawanci suna da masu su. Kashe dabbar wani da gangan laifi ne, kuma hanya ce mafi sauri ta ɓata zaman lafiya a gidan haya. Idan kyanwar maƙwabci ce ta kamu, a buɗe mata. Idan ɓarnarta ta yi yawa, a kai kuka wurin mai ita, ko mai gida, ko mai unguwa. A Zango akwai fadar Sarkin Hausawan Agege, inda aka saba sasanta irin wannan saɓani. Karen da ba a san mai shi ba kuwa kada a matsa kusa da shi, saboda ciwon haukan kare.

An kama, sai me?

Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya, ya kamata kuma a amsa ta tun kafin a ɗana tarko. Da farko mai dubawa ya sa safar hannu ta roba da takunkumi, ya ɗauki keji ta mariƙinsa, kada ya kusanto da shi fuskarsa. Idan jaba ce ko bushiya, a kai ta wani fili mai ciyawa da ke kusa, a buɗe ƙofa a ja da baya. Da yamma ya fi, domin da rana tsaka shaho da hankaka suna jira.

Gafiya tana da nata hukunci. Mutane da yawa suna cin namanta, amma feɗe dabbobin dangin ɓera hanya ce ta kamuwa da cuta. A 2003 cutar ƙyandar biri ta ɓulla a Amurka, aka bi sawunta har zuwa wasu dabbobi da aka shigo da su daga Ghana, cikinsu har da gafiyoyi. Nan da nan Amurka ta hana shigo da dangin ɓera daga Afirka. Duk da haka gafiya ba abin rainawa ba ce. A garin Morogoro na Tanzaniya, ƙungiyar APOPO tana horar da wani jinsin gafiya ya shinshino nakiyoyin da aka binne a ƙasa, ya kuma gano cutar tarin fuka a majinar majiyyata. Ɗaya daga cikinsu mai suna Magawa har lambar yabo ta zinariya ya samu a 2020 saboda aikin da ya yi a Kambodiya. Gafiyar da aka kama a bayan gida, idan akwai daji ko fadama nesa da gidaje da gonaki, a kai ta can a sake ta.

Ɓeran gida fa? A nan dole a faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi. Wasu suna ganin tausayi shi ne a ɗauki keji a tsallaka titi a buɗe. Agege ba ta da wani fili da babu mutane. Ɓeran da aka saki a bayan layin dogo ko dai ya komo inda ya saba, ko ya shige gidan wani da cutarsa da ɓarnarsa, ko ya mutu da yunwa a wurin da bai sani ba. Wanda ya yi haka bai raba kansa da matsala ba, maƙwabcinsa kawai ya tura wa. Saboda haka ɓeran da aka kama a gida ko a sito, kashe shi ake yi. Tausayin yana cikin yadda za a yi: cikin sauri, sau ɗaya, ba 'yan kallo. Hanyar da ƙwararru suke bi ita ce a sa bakin keji cikin buhu mai kauri, a buɗe ƙofa ɓeran ya shige, a matsa shi ƙurya, a yi masa bugu ɗaya mai ƙarfi a kai. Wannan aikin babban mutum ne da ya iya, ko jami'in tsabta na ƙaramar hukuma, ko ma'aikacin kamfanin feshi mai rajista. Ba aikin yara ba ne.

Abin da bai halatta ba sananne ne, domin ana ganinsa a unguwa. Wasu sukan zuba wa ɓera kananzir su cinna masa wuta. Ban da muguntar da ke ciki, ɓeran da ya kuɓuce da wuta a jikinsa yana iya shigewa cikin kaya ya ƙone shago. Wasu sukan kwara masa tafasasshen ruwa, ko su tsoma kejin a duro. Ɓera ya iya ruwa, saboda haka nutsewarsa tana ɗaukar lokaci yana fama. Yara kuma sukan ɗaure masa wutsiya da zare su yi ta ja a titi suna ihu, manya suna dariya. Yaron da yake wannan wasa yana taɓa fitsarin ɓera da hannunsa, da hannun kuma zai ci abinci.

Bayan an gama, a sa gawar a leda biyu a ɗaure, a binne ta da zurfi ko a sa ta a mazubin shara mai murfi. Jefa ta a tsakiyar titi don mota ta taka, kamar yadda aka saba, yaɗa cuta ne. A jiƙa keji da wurin da ya kwana da ruwan bilic, awo ɗaya na bilic cikin awo tara na ruwa, a bar shi 'yan mintoci kafin a goge. Kada a share busasshen kashin ɓera da tsintsiya, domin ƙurar da za ta tashi ita ce abin gudu. A jiƙa shi tukuna. Sannan a wanke hannu da sabulu. Wanda ɓera ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu ya tafi asibiti. Wanda kuma ya yi zazzaɓin da bai ji maganin cizon sauro ba, cikin mako uku bayan ya yi hulɗa da ɓera, ya gaya wa likita wannan hulɗar da bakinsa. Maganin Lassa ya fi aiki idan an fara shi da wuri. Hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, tana da lambar waya ta kyauta, 6232.

Daddawa ma da wari

Hausawa suna cewa, “In ɓera da sata, daddawa ma da wari.” Ana yin wannan karin magana ne idan ana so a nuna cewa wanda aka yi wa laifi shi ma yana da nasa kason. A nan kuwa maganar ta dace har a zahirinta. Tarko yana rage ɓerayen da suke nan ne kawai. Muddin abinci da maɓoya suna nan, waɗanda suka saura za su hayayyafa su cike gurbin cikin 'yan watanni.

A gida, a zuba gari da shinkafa da wake a mazubi mai murfi, na ƙarfe ko na roba mai kauri, kada a kwana da kwanukan da ba a wanke ba. A sito, a ɗora buhuna a kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango yadda mutum zai iya zagayawa da fitila. Ɗan ƙaramin ɓera yana iya bi ta ramin da fensir zai shiga, saboda haka a bi ƙasan ƙofa da gefen bututu da kusurwar silin a toshe da siminti ko ragar ƙarfe. Tsumma da kwali ba sa tsare shi. A gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, ɗaki ɗaya ba zai iya wannan aiki shi kaɗai ba, tun da silin ɗaya ne ya haɗa su. Haka ma a kasuwa. Safiyar Alhamis, lokacin da kasuwannin Legas suke rufe don tsabtace muhalli, dama ce ga 'yan layi ɗaya su kwashe shara tare, su toshe ramuka tare, su kuma sa ranar da kowa zai ɗana tarkonsa.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin ko aikin ya ci. Da dare a barbaɗa ɗan garin fulawa a ƙasa, a jikin bangon da ɓeraye suka saba bi. Da safe a duba. Idan an ga sawun ƙafa da layin da wutsiya ta ja, to da saura, sawun kuma zai nuna ramin da aka manta ba a toshe ba. Idan garin ya kwana bakwai ba a taka shi ba, sai a wanke keji, a shanya shi, a rataye.